Gashin ciwon daji a Yamai: inji ya samu, saura maganar awo

Masu saurarenmu na Kalfu da ƙauyukan Adar, da ƴan'uwa da ke ci-rani a Abijan, Libiya da Najeriya, da yawanku kun taɓa aiko kuɗin kai maras lafiya Yamai. In lokotoro a Tawa ya ce ciwon daji ne, wato kansa, kuma sai an yi gashi da haske, tafiya ce ta fiye da kilomita 500. A watan Maris na 2021 ne shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya buɗe sashen gashin na cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin nan sai mai hali ke fita waje neman wannan magani.

An yi murnar inji, kuma ya cancanta. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne awo. Hasken nan ido bai ganin shi, jiki bai jin shi sa'ad da yake shiga. Ana auna shi da ma'aunin da ake ce ma gire, kuma galibi gire 2 ake ba mutum a yini, kwana biyar a mako, har mako biyar zuwa bakwai. In ya gaza, ciwo ya dawo. In ya zarce, ya ƙone nama mai lafiya, wani lokaci sai bayan watanni a gane. Shi ya sa masana ke son kuskure kada ya wuce kashi 5 cikin 100.

Injin da aka fara da shi a Yamai na kobalt ne. Ƙarfin kobalt raguwa yake, kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, ya koma rabi cikin shekara biyar da ƴan watanni. Ke nan lissafin bara bai yi ma bana aiki, dole a riƙa gyara tsawon lokacin gashi.

Inda abin ya fi wuya shi ne siririn haske. An saba gwada inji da fili mai santimita 10 kowane gefe. Amma injunan zamani na iya matse haske ya koma kamar faɗin farce, don a samu ƙaramin ƙari a cikin ƙwaƙwalwa ba a taɓa na kusa da shi ba. To, ku ɗauki hasken rana da ke shigowa ta ƴar kafar rufin ɗaki. In ka tara faifai a ƙasa, ɗan wuri kaɗan rana ta taɓa, sauran duk inuwa. Wanda ya haɗa zafin faifan gaba ɗaya zai ce ranar ba ta da ƙarfi. Haka na'urar awo take in ta fi hasken girma: sai ta nuna ƙasa da gaskiya, kwamfuta ta ɗauka hasken rarrauna ne, ta ƙara lokaci, maras lafiya ya sha fiye da kima.

Wannan ya faru a asibitin Rangueil na birnin Tuluz a Faransa, tsakanin Afrilun 2006 da Afrilun 2007, inda mutum 145 suka samu hasken da ya zarce, don an gwada siririn haske da na'urar da ta yi masa girma. Faransa fa, mai kuɗi da masana. A 2017 AIEA da ƙungiyar masana awon haske ta Amurka suka fitar da ƙa'ida ta musamman, TRS-483, kan yadda ake auna irin wannan haske da irin na'urar da ta dace.

Nijar na cikin ƙasashen farko da AIEA ta sa a shirinta na faɗaɗa maganin kansa da aka ƙaddamar a Addis Ababa a Fabrairun 2022. A ganinmu, duk sa'ad da ake maganar sabon inji, ya kamata ƴan majalisarmu na Tawa su tambayi mutum nawa aka horar a kan awo, nawa suka tsaya ba su tafi waje ba, da yaushe aka yi binciken waje na ƙarshe. Hanyar binciken tana nan tun 1969: AIEA da hukumar lafiya ta duniya na aika ƴan ƙananan ma'aunai ta gidan waya, asibiti ya haska su, ya mayar Biyana a duba. Uraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana ratsa Tawa a manyan motoci, ba mu ga abin da zai sa horar da masu awo ya gagare mu ba.

Ku kuma masu jinya, naku ɓangaren awon shi ne kwanaki. An lissafa gashin ne a jere, tsallake mako guda don guzuri ya ƙare ko don a dawo girbin hatsi yana ɓata lissafin. Mai aiko kuɗi daga waje ya tambayi zama nawa lokotoro ya rubuta, ya haɗa da masauki da abincin duk makonnin tun kafin a hau mota a tashar Tawa.