Raunin da Ba a Ɗaure Shi da Bandeji

Ran 8 ga Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen majalisun tarayya, bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ya kashe mutane fiye da 10, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ran Kirsimeti na wannan shekara kuma wani ya fashe a cocin St. Theresa da ke Madalla, aka rasa rayuka kimanin 40. A watan Disamba, 2013, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai. A takarda dai shari'a ta ƙare.

Amma fa ga waɗanda suka tsira, magana ba ta ƙare a nan ba. Mutumin da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri yakan warke a jiki, alhali kuwa barci ya ƙaurace masa. Tayar mota ta fashe, gabansa ya faɗi. Ya daina bin titin da abin ya auku, ya dinga faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili. Likitocin Amurka sun sa wa wannan ciwo suna tun 1980, bayan da suka lura da sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam, watau firgitar da ke biyo bayan masifa.

Ba sai bom ba. Magidanci a unguwar Bagama wanda 'yan fashi suka ɗora wa bindiga a gaban 'ya'yansa yana iya kamuwa da shi. Maƙwabta za su zo jaje, su ce Allah ya mayar da alheri, su tambayi abin da aka ɗauka. Da wuya wani ya tambaye shi ko yana samun barci. Shi ma ba zai faɗa ba, domin da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai ya ji kamar an ce a kai shi Barnawa ko Dawanau, ga shi kuma yana da 'ya'ya mata da za a zo neman aure.

Cikin Janairu, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. Madalla da wannan. Sai dai wanda aka yi wa fashi caji ofis yake fara zuwa, can kuwa jerin kayansa da lambar wayarsa za a rubuta, a ce ya dawo ran Litinin.