Wasiƙa Zuwa ga Dillalan Tsoffin Tangaran na Ingila



Ina so in ja hankalinku kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a sana'arku. Da an miƙo muku faranti ko butar shayi, sai ku kife ta, ku dubi tambarin da ke gindi, ku yanke farashi nan take. Tambari shaida ne kawai, kuma shaida yakan yi ƙarya. A ƙarni na 19 kamfanin Samson na birnin Paris ya yi ta kwaikwayon kayan masana'antar Chelsea, har da alamarsu ta anka mai ruwan zinariya. Shi kuwa sunan Wedgwood, wanda Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759, masana'antar William Smith da ke Stockton ta riƙa buga shi da ƙarin harafin e a tsakiya, sai da kotu ta taka mata birki a 1848.

Na san za ku ce ai tambari ne ke faɗin shekarun kaya. Haka ne, amma iyaka kaɗai yake nunawa. Kalmar England a gindin kofi galibi tana nufin an yi shi ne daga 1891, bayan dokar harajin McKinley ta Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Alamar rajista mai siffar daimon da aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883 ranar rajistar zane take faɗa, ba ranar gashi ba, kuma zane ɗaya akan shafe shekaru ana maimaita shi. Ballantana da yawa daga kayan Staffordshire na ƙarni na 18 ba su da tambari ko kaɗan, don haka mai jiran tambari zai yi musu kuɗin banza.

Saboda haka ku fara da jikin kayan. Ku ɗaga shi a haske, ku ƙwanƙwasa shi da farce; in ƙarar ta dushe, akwai tsaga ko gyara. Ku dubi zoben gindi ko ya goge irin gugar shekaru. Ku shafa tambarin da yatsa, domin wanda aka danna cikin ɗanyen yumɓu ya fi wanda aka zana a kan ƙyalli wuyar yin jabu. In jiki da tambari suka saɓa, ku bi jiki, kuma ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da kuka gani kafin ku karɓi kuɗinsa.

Wassalam.