Wanda Ya Bar Tramol, A Mayar Masa Da Sandarsa

 Maganar da zan yi yau kowa ya san da ita a kara, sai dai ba a son faɗinta a fili. Maganar tramol ce da yaranmu masu kora da masu rakiyar shanu a mota, musamman wanda ya yi ta maza ya bari. Ra'ayina shi ne, yaron da ya bar ƙwaya haƙƙi ne a kanmu mu karɓe shi, mu mayar masa da aikinsa.

Mu duba yadda abin ke farawa. Yaro zai koro garke daga Dakoro ko Tanut, kwana da kwanaki a ƙasa, kafin ya iso Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela. Wani kuma a saman tirela zai kwana biyu ko uku har Legas ba barci, don in saniya ta faɗi ba a tashe ta ba, sauran za su tattake ta. Sai a miƙa masa ƙwaya a ce maganin gajiya ne. Wani lokaci ma maigidan ne da kansa ke saye ya ba shi, don dabbobi su isa kasuwa da wuri. To, da hannunmu a cikin wannan ciwo.

Tramol, wato tramadol, maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin koɗin. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kara kuwa ƙwaya guda kan kai 200 ko 225, yaro ya haɗiye uku ko huɗu da shayi. Yawansa na kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, yana kuma rage numfashi, balle in an haɗa da koɗin ko maganin barci. Ku yi tunanin mai farfaɗiya a saman mota tana gudu.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramol da koɗin suke sha. A shekarar ce Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai koɗin, Indiya kuma ta tsaurara doka kan tramol, amma 'yan fataucin suka koma kawo wasu ƙwayoyin danginsa da sababbin sunaye. A arewacin Kamaru, a 2014, masana sun gano tramol a saiwar tafashiya, daga fitsarin mutane da na shanun da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa. Har dabbobin ba a bari ba.

Yanzu ga wanda ya ce ya tuba. Makon farko shi ne mai tsanani: zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, rashin barci, ƙafafu ba sa zama wuri guda. Shi ya sa wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Bayan nan jiki kan fara dawowa, ya ci abinci, ya yi barci. Zuciya ita ce mai jinkiri. Makonni, wani har watanni, zai yi ta fama da saurin fushi, kasala, baƙin ciki da kunyar abin da ya aikata. A nan ne mafi yawa ke komawa ruwa, don sun duba ba aiki, ba abokin hira sai tsofaffin abokan sha.

A gida ma haka. Matar da ta sha zagi da yunwa, uwar da aka sayar mata da akuya, ɗan'uwan da aka ci wa bashi, ba za su manta cikin wata guda ba. Yarda kan dawo ne in sun ga mutum na fita da safe yana dawowa da cefane, yana biyan bashi ko da jaka guda-guda ne. Ta ina zai yi haka in mun rufe masa ƙofar kara?

Na san wani zai ce, wa zai damƙa wa tsohon ɗan ƙwaya dukiyar miliyoyi? Tambaya ce mai kyau, kuma ban ce a damƙa masa yau ba. A fara da ɗaure dabbobi, ban ruwa da lodi, a gaban idon maigida. In ya yi wata uku lafiya, a haɗa shi da babba mai hankali a gajeriyar tafiya. Kuɗin ciniki sai daga baya. In ya zame sau ɗaya, a mayar da shi wurin likita, don komawa na daga halin wannan ciwo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sannan mu rabu da mari da bulala. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Kware ta Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri, akwai kuma sashen wannan aiki a babban asibitin Yamai. Kai mutum can ba ya nufin ya haukace.

Ina kira ga shugabannin ƙungiya da su yi abu uku. A hana sayar da ƙwaya a harabar kara, a ci tarar maigidan da ya ba yaronsa. A sa 'yan rakiya isassu a kowace mota don su riƙa karɓa-karɓa su yi barci. A ware wani abu daga kuɗin da ake karɓa kan kowace saniya don kuɗin mota da na magani ga wanda ke son bari. Saniya guda da ta mutu a hanya ta fi wannan kuɗin nesa ba kusa ba, balle ran ɗan mutane. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kai dabbobinmu kasuwa lafiya.