Ba Bulala Ba Ce, Ba Kuma Gashi Ba

Maƙalar wannan makon ƙorafi ce, kuma da mu nake.

Idan ɗayanmu ya tashi bayanin zaren nan da ƙwayar bakteriya ke iyo da shi, sai ya buɗe ƙamus, ya ga sunansa filajelam, asalinsa Latin ne mai ma'anar bulala, ya rubuta "bulalar bakteriya" ya wuce abinsa. Wani kuma ya ce gashi. Duka biyun kuskure suke dasa wa mai karatu.

Bulala kaɗa ta ake yi. Wannan zaren kuwa juyawa yake, kamar farfelar kwale-kwale mai inji. Waɗanda suka raɗa sunan ba su san haka ba. Sai a 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar juyin, a 1974 kuma Silverman da Simon suka manne zaren a jikin gilashi, sai ga ƙwayar ita kanta tana ta kewayawa.

"Gashi" ya fi muni, domin ya juya labarin kai a ƙasa. Gashinka daga saiwa yake tsiro. Zaren bakteriya daga bakinsa yake ƙaruwa, can nesa da jikin ƙwayar, kamar yadda Tetsuo Iino na Japan ya nuna a 1969 da ƙwayar Salmonela. To ta yaya kayan gini ke isa can? Kaurin zaren kusan nanomita 20 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma tsakiyarsa rami ne mai faɗin nanomita 2 kacal. Tubalin ginin wani furotin ne da ake kira filajelin, wanda a dunƙule ba zai shiga wannan ramin ba. Sai a warware shi, a tura shi ta ciki, in ya kai baki ya naɗe ya zauna a gurbinsa. A bakin akwai marfi mai ƙafa biyar da ke hana shi zubewa waje. Ku ɗauka magini ne a saman hasumiya, ana miƙo masa tubali ta cikin hasumiyar da yake ginawa. Zare ɗaya yakan ci tubali wajen 20,000.

Aikin ma bi da bi ne. Inji ake fara kafawa a fatar ƙwayar, sai sanda, sai wata lanƙwasasshiyar gaɓa mai tsawon kusan nanomita 55, wadda har da furotin mai aikin magwaji gare ta. Sai gaɓar ta cika tsawonta ƙofar fitar da kaya ke komawa tura filajelin. Wane gashi ne yake da wannan tsari?

Na san abin da za a ce: ai suna ne kawai, Turawa ma da shi suke aiki har gobe. Bature ba ya jin bulala a cikin filajelam, domin Latin ɗin ya mutu a kunnensa. Bahaushe kuwa da ka ce bulala, ta malamin makarantar allo yake gani tana tashi tana sauka. Ɗalibar makarantar koyon aikin jinya da ta karanta ka da wannan hoton za ta tafi, alhali ƙwayar kwalara da ke addabarmu duk damina da irin wannan zaren guda ɗaya take ratsa majinar hanji, ta taifot kuma da yawa gare ta ko'ina a jiki.

Ni farfela nake kira, ko da yake ita ma juyin kawai ta ɗauko, ba ta faɗi tsiro daga baki ba. Mai sunan da ya ɗauki biyun ya kawo mu gwada shi a jimla.