WAYAR DA TA KUSA JAWO KORA

Ya ku ɗalibai, da 'yan'uwana malamai, da iyayenmu na ikkilisiya, ina roƙon ku yi haƙuri da ni, domin zan tsaya wa wasu yaran da ni da kaina na kama da laifi.

Wata ranar Asabar a zangon karatu na biyu, na tarar da yara huɗu na babban aji a ɗakin kwamfuta, sun jona na'urar wasa ta PlayStation 4 da ɗaya daga cikin allunan kwamfutarmu, suna buga ƙwallo. Har da sauti, kamar a filin wasa. Da maganar ta je taron malamai, wasu suka ce a kore su. Ni na ce a hore su, domin sun shiga ɗaki ba izini, amma kora ta yi yawa. Dalilina shi ne abin da na ji daga bakin ɗayansu, wani yaro mutumin Argungu, sa'ad da na tambaye shi yadda aka yi allon da ba shi da lasifika ya yi magana.

Ga bayanin, kamar yadda ya yi mini, ni kuma na bincika na tabbatar. Allunanmu tsofaffi ne, suna amfani da wayar nan mai shuɗin kai da ƙananan allurai 15, wadda ake kira VGA. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a 1987, kuma hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Ita kuwa PlayStation 4, wadda kamfanin Sony ya fitar a 2013, ba ta da ramin VGA. Ramin HDMI gare ta, wanda ke tura hoto da sauti tare cikin waya guda. To, ga mai magana ga mai sauraro, amma harshensu ba ɗaya ba, sai an sami tafinta. Tafintan shi ne wani ɗan akwati da masu shago ke kira kwanbata. HDMI na shiga ta gefe guda, hoto ya fita ta VGA zuwa allo, sauti kuma ya fita ta wani ɗan rami irin na abin sauraro na kunne, daga nan a kai shi lasifika. Lasifikar ma sai mai cin wutar kanta, domin sautin da ke fitowa daga ramin nan ba shi da ƙarfi.

Bai tsaya nan ba. Ya ce da farko allon baƙi ƙirin ya tsaya musu. Sai da ya gano akwai wani makulli cikin na'urar, mai suna HDCP, wanda aka sa don hana satar finafinai, kuma wasu kwanbata ba sa jituwa da shi. Dole a fara jona na'urar da talabijin, a shiga saiti a kashe shi, sa'an nan a dawo kan allo. Ya ƙara da cewa in babu ramin sauti a jikin kwanbata, ana iya ɗaukar sautin daga jikin abin riƙon da ake buga wasan da shi.

Yanzu ku dubi wannan. Yaron nan ya bi matsala mataki mataki, ya gwada, ya fāɗi, ya sake gwadawa, har ya gane inda gizo ke saƙar. Ashe ba wannan muke ta fama mu koyar a darasin kimiyya ba? Kuma a wannan zangon ne majigin da muke haska waƙoƙi da shi a majami'a ya yi makonni yana nuna hoto ba murya, mu manya muna ta murɗa amfilifaya muna zargin lasifika. Ciwon ɗaya ne: wayar VGA muka jona, muna jiran ta kawo abin da ba a yi ta don shi ba. Yaron da aka so a kora ne ya gyara mana, cikin minti kaɗan.

Kada wani ya ɗauka ban san illar gidajen gem ba. Na sani sarai. Duk wanda ya zaga unguwannin Birnin Kebbi ko Argungu da yamma zai ga rumfunan nan, janareta na ruri, yara sun cika benci. Dokar wurin ita ce wanda aka ci shi ke biya, kuma daga nan zuwa caca taku ɗaya ne. Na ga yaron da ya kai kuɗin littafi can. Na ga masu gyangyaɗi a aji ranar Litinin. Iyayen da ke kuka da wannan abu suna da gaskiya, ba na musu da su.

Amma hani kaɗai bai taɓa raba yaro da abin da zuciyarsa ke so ba, sai dai ya koya masa ɓoyo. Mutanen Argungu ba sa hana 'ya'yansu zuwa gulbi don tsoron nutsewa. Koya musu iyo suke yi, shi ya sa ranar bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934, za ka ga matasa sun afka Matan Fada da homa da gora ba fargaba. Bugu da ƙari, tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Har yanzu muna da ɗaliban da hannunsu ke rawa in sun zauna gaban allo, alhali kuwa waɗannan 'yan wasan ko a jikinsu.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A buɗe ɗakin kwamfuta awa biyu kowace Asabar, da malami a tsaye. Awar farko ta koyo ce: sanin wayoyi da ramukansu, kashe wuta kafin jona kowace waya, rage ƙarar lasifika kafin kunnawa, da amfanin sitabilaiza, tun da mun san yadda wuta ke zuwa mana da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Awa ta biyu su yi wasansu, ba kuɗi, ba caca. Wanda ya fāɗi gwajin mako ba ya shiga. A sa 'yan mata a ciki tun ranar farko, kada abin ya zama na maza kaɗai. Wasu daga cikin yaran nan za su tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wasu Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wasu kuma shagon gyara za su buɗe su ci abinci da shi.

Su yaran huɗu, an ba su yankan ciyawa na mako guda, kuma sun yi. Na Argungun shi ke kula da majigi da lasifikar majami'a yanzu, amma bana zai gama, kuma ba mu da wanda zai gaje shi tukuna.