Madara Ga Jariri, Tuwo Ga Babba

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu shugabanni mun saba auna garken Allah da mudu ɗaya, wanda ya tuba jiya da wanda ya shekara talatin yana cin Jibin Ubangiji. Wannan hali yana sa mu asarar rayuka.

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya wani saurayi daga cikin birni ya riƙa fitowa ta Ƙofar Mata bayan magariba, yana zuwa gidana da tambayoyi a kan Linjila. Bayan wata biyu ya ba da gaskiya. Murna ta ɗebe ni, na tsai da shi gaban jama'a ran Lahadi ya ba da shaida. Aka yi tafi, zumuntar mata suka rangaɗa guɗa. Kafin Laraba labari ya kai unguwarsu. Ya rasa ɗakin kwana, ya rasa rumfar da yake tsare wa kawunsa. A cikinmu kuma aka fara raɗa, wai ko ɗan leƙen asiri ne, ko kuɗi yake nema. Ba wanda ya buɗe masa ƙofar gidansa. Bayan wata huɗu ban ƙara ganinsa ba. Na ɗora wa jariri kayan ƙato, har yau kuwa ina roƙon gafara a kan wannan.

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. A 1 Korantiyawa 3, Bulus ya ce madara ya ba su, don ba su isa cin abinci mai tauri ba. A 1 Yohanna 2, manzo ya yi wa yara magana dabam, samari dabam, iyaye dabam. Ku duba Na'aman a 2 Sarakuna 5. Sabon tuba ne, zai koma ƙasarsu, aikinsa kuma zai riƙa kai shi ɗakin gunki tare da sarkinsa. Elisha bai jibga masa dokoki ba, ya sallame shi da salama.

Tarihin birninmu ma ya koya mana haka. Wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi, an kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajajen Ningi. Ba su da Littafi Mai Tsarki, gama sai 1932 aka buga shi dukansa da Hausa. Ba su san baftisma ba. Ɗan hasken da suke da shi suka riƙe shekara arba'in da 'yan kai, har wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila a Zariya a 1913. Aka zauna da su, aka koya musu daga inda saninsu ya tsaya, kamar yadda Akila da Bilkisu suka ja Afolos gefe suka ƙara masa haske. Daga cikinsu aka sami gidajen Kirista a Gimi, daga baya a Wusasa. In da irin tambayoyin da muke tare baƙo da su a yau aka yi musu, da an sallame su tun daga zaure.

Na san wani dattijo zai ce ina koya wa mutane tsoro, tun da Ubangiji ya umarta a shaida shi a gaban mutane. Gaskiya ne, kuma can muke so kowane mai bi ya kai. Amma Nikodimu da dare ya fara zuwa a Yohanna 3, sai a sura 19 muka gan shi a fili yana ɗauke da kayan ƙanshi don jana'izar Yesu. Da rarrafe yaro kan tashi. Wani kuma zai ce zamani ya lalace, dole a yi hattara da baƙo. Na yarda. Almajiran Urushalima ma sun ji tsoron Shawulu, sai da Barnaba ya kama hannunsa. Hattara ita ce a sa dattijo ɗaya ya san mutum ciki da waje. Raɗa a bayan majami'a kuwa zunubi ne.

Matsalar tana da ɗaya gefen. Akwai waɗanda suka tsufa a benci, har yanzu madara muke ɗura musu. Kowace Lahadi wa'azin albarka da buɗi, ba koyarwa a kan gicciye, gafarta wa maƙiyi, ko riƙon amana a kasuwa. Ibraniyawa 5 ta tsauta wa irin waɗannan, cewa ya kamata a ce sun zama masu koyarwa. Sa'an nan in zaɓen dattawa ya zo, sai mu duba mai mota da yawan baiko, ko da bara aka yi masa baftisma, alhali 1 Timoti 3 ta hana a ɗora sabon tuba a kan shugabanci.

Ga shawarata ga kowace majalisar dattawa. Na ɗaya, kada a tsai da sabon tuba ya ba da shaida sai an tanadi inda zai kwana da abin da zai ci in gida ya ƙi shi. Na biyu, kowane ɗan ajin baftisma a haɗa shi da gida ɗaya da za su riƙe shi aƙalla shekara guda. Na uku, wanda ya faɗi aka sa shi ƙarƙashin horo, a riƙa ziyartarsa, domin Markus da ya gudu daga aiki shi ne Bulus ya nema a ƙarshen ransa. Na huɗu, waɗanda suka daɗe a ba su abinci mai tauri, a kuma ba su aikin renon na baya.

Makiyayi na ƙwarai ya san tunkiya mai ciki, ya san gurguwa, ya san ɗan da aka haifa da asuba, ba ya kuwa kora su da sauri ɗaya. Ranar da Babban Makiyayi zai bayyana, lissafin kowace ɗaya za a nema a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikima da haƙuri. Amin.