Burushi Ma Yana Ƙarya

Mu masu fentin ƙananan sojoji mun saba da dariyar jama'a. Ƙato da gemunsa ya duƙufa har tsakar dare yana shafa wa ɗan mutum-mutumin roba ko na dalma launi, abin da tsawonsa bai wuce milimita 28 ba. In rundunar ta kammala, a jera ta a kan tebur mai siffar filin daga, a auna tafiyarta da tef, a jefa ɗan lido a ga wa zai yi galaba. Wasan ba sabo ba ne, tun 1913 H. G. Wells ya wallafa dokokinsa a littafin Little Wars. Masu dariya su ci gaba. Rigimarmu ta yau da 'yan gida ce.

Duk wanda ya zaɓi zamanin farfaɗowar Turai ya san Yaƙin Pavia, wanda aka gwabza a Italiya ranar 24 ga Fabrairu, 1525, inda dakarun Sarki Charles na biyar suka kama Sarkin Faransa Francis na ɗaya da ransa. Ku dubi hidimar da muke yi wa wannan rana guda. Sojojin hayar Jamus da ake kira Landsknecht suna sa tufafi masu tsage-tsage, wani launi na leƙowa ta ƙarƙashin wani, ƙafar wando ɗaya ja, ɗaya rawaya. Mai fenti zai kwana yana nazarin zanen Urs Graf, da dardumomin bango bakwai na Bernard van Orley da ke ajiye a birnin Napoli, don kada ya kuskure gashin tsuntsu guda a hula. Fuskar soja kuwa sai ta sha shafi uku: na shimfiɗa, da ruwan fenti mai duhu da ke shiga lunguna, da na haske a kan hanci da kunci. Madalla da wannan ƙwazo.

To, a matsa gaba shekara 66, zuwa Maris na 1591, a Tondibi kusa da Gawo. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo Judar Pasha, haifaffen Sifaniya, da bindigogi masu lagwani irin waɗanda suka yi aiki a Pavia, suka karya rundunar Askiya Ishaƙ na biyu, daular Songhai ta kama hanyar rushewa. Ƙarni ɗaya ne, makami ɗaya. Amma me muke gani a teburori? Ɓangaren Maroko ya sha ado. Ɓangaren Askiya kuwa sai a kwaso ragowar mayaƙan Zulu na ƙarni na 19, daga can kudancin nahiya, a watsa musu launin ƙasa guda daga kai har ƙafa, a ce ai duk Afirka ce. Da wani zai jera sojojin Napoleon a Pavia, da an yi masa ca kafin fentin ya bushe. Nan kuwa shiru kake ji.

Hujjar da ake kawowa ita ce babu zane-zanen lokacin. Mun yarda Tondibi ba ta da darduma irin ta Pavia. Sai dai rashin hoto ba lasisin ƙaga ƙarya ba ne. Akwai Tarikh al-Sudan da Tarikh al-Fattash, waɗanda suka ba da labarin Askiyoyi da rundunoninsu. Akwai Ahmad ibn Fartuwa, limamin da ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Barno, sarkin da ya riƙe 'yan bindiga Turkawa. Littafin Leo Africanus, wanda aka buga a Venice a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Gobir. Tarihin Kano kuma ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke, tun fiye da shekara ɗari kafin Pavia. Wanda ke son ganin yadda lifidi ke zama a jikin doki, hawan salla yana nan duk shekara. Ya dai tuna cewa na yau ado ne, ya rage ƙyale-ƙyalen.

Abin takaicin ma, malalacin kansa ya cuta. Rinin baba da aka buga yana da sheƙi mai ɗaukar ido, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, wanda fito da shi zai gwada gwanintar kowane hannu. Ɗinkin lifidi layi-layi ne, daidai da aikin siririn burushi. Baƙar fata ma tana da haskenta da inuwarta, ta cancanci shafi ukun nan da ake yi wa sojan Jamus.

Kada a ce ai wasa ne kawai. Yaron da ya tsaya bakin tebur ba zai karanta al-Sa'di ba, abin da ya gani shi zai tafi da shi: masu sulke da tuta a gefe guda, taron marasa riga a ɗaya gefen. Ba mu ce a sauya sakamako ba. Askiya ya sha kashi, kuma shanun da aka koro kan Marokawa sun juyo kan masu su da jin ƙarar bindiga. A bar shi ya sha kashin, amma a cikin tufafinsa. Wanda ba zai iya ba Tondibi ko rabin daren da ya ba Pavia ba, ya wanke burushinsa ya bar mata teburin.